Ragunan Sallah Uku: Yadda Aikin Jami'in Bin Ƙa'ida Ya Shigo Wani Kamfani a Kano

Kamfanin da wannan nazari ya shafa na iyali ɗaya ne, babban ofishinsa da rumbun ajiyarsa suna Bompai, sana'arsa kuwa ita ce shigo da injinan ban ruwa da kayan gyaransu. Yawancin masu sayen kayansa manoman rani ne na yankin Kadawa da Kura da Bunkure, sai kuma hukumomin gwamnati a duk lokacin da suka fitar da tallar kwangila. Wanda ya kafa shi dattijo ne da ya fara da rumfa ɗaya a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma a nan zan kira shi Alhaji kawai, kamar yadda kowa yake kiransa a ofis. Na yi shekaru ina aikin binciken lissafi na cikin gida a wannan kamfani, saboda haka abin da zan bayyana ko dai a gabana aka yi shi, ko kuwa ya biyo ta kan teburina a rubuce. Na sakaya sunan kamfanin da na mutanensa da na hukumar da maganar ta shafa.

Kaso mafi tsoka na cinikinmu ya dogara ne a kan yarjejeniya da wani kamfanin Ingila mai ƙera injinan, wanda ya ba mu wakilcin kayansa a jihohin Arewa maso Yamma. Da lokacin sabunta yarjejeniyar ya zo, sai suka aiko da takardar tambayoyi mai shafuka da yawa, irin wadda ba su taɓa aikowa ba. Suna son su san su wane ne masu hannun jari, ko akwai ma'aikacin gwamnati ko ɗan siyasa a cikin danginsu na kusa, wane tsari ake bi idan za a yi wa wani kyauta, kuma wane ne jami'in da aka ɗora wa alhakin tabbatar da bin doka da ƙa'ida. Sun bayyana ƙarara cewa in babu amsar wannan tambaya ta ƙarshe, babu sa hannu. Alhaji ya sa aka fassara masa takardar har sau biyu, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, muna da lauya, ga ka kuma kana duba lissafi, to shi wannan na ukun me zai zo ya yi?" A ranar ban ba shi amsa mai gamsarwa ba, domin ni kaina ban san daga inda wannan kujera ta fito ba sai daga baya.

Sana'ar jami'in bin ƙa'ida ba ta daɗe ba, kuma kotunan Amurka ne suka haife ta. A 1961 aka hukunta manyan kamfanonin kayan lantarki na ƙasar, ciki har da General Electric da Westinghouse, bisa haɗa baki wajen ƙayyade farashi da raba kwangiloli a tsakaninsu, har aka ɗaure manyan manajoji bakwai na kwana 30. Ɗaurin gajere ne, amma ganin masu manyan kujeru a gidan yari ya sa kamfanoni suka fara rubuta wa ma'aikatansu abin da doka ta hana. Girgizar da ta fi wannan ta zo a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da masu binciken badaƙalar Watergate suka bi sawun wasu kuɗaɗe suka tarar da asusun ɓoye a kamfanoni da dama. Sama da kamfanoni 400 suka amsa cewa sun biya fiye da dala miliyan 300 ga jami'ai da 'yan siyasar wasu ƙasashe ta hanyoyin da ba su da tsabta. Na kamfanin jiragen sama na Lockheed ya fi yin ƙara, domin shi ya kai ga kama tsohon firaministan Japan, Kakuei Tanaka, a 1976. A watan Disamba na 1977 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ake kira FCPA, wadda ta haramta wa kamfanonin Amurka ba jami'an wasu ƙasashe cin hanci, ta kuma wajabta wa kamfanonin da ake cinikin hannayen jarinsu a kasuwa su riƙe littattafan lissafi na gaskiya.

Duk da haka, sai da aka ƙara shekaru kafin aikin ya zama na mutum guda mai ofis da albashi. A 1986, bayan an bankaɗo yadda ake tsuga wa ma'aikatar tsaron Amurka farashi, manyan kamfanonin da ke yi mata kwangila suka haɗu suka yi alƙawarin rubuta ƙa'idojin ɗa'a, da horar da ma'aikata, da buɗe hanyar da ƙaramin ma'aikaci zai kai ƙorafi ba tare da an ci zarafinsa ba. Abin da ya kafa kujerar daram shi ne ƙa'idojin yanke wa kamfanoni hukunci da suka fara aiki ranar 1 ga Nuwamba 1991. A cikinsu aka ce kamfanin da aka kama da laifi zai iya samun sassaucin tara mai yawa idan ya nuna cewa tun kafin laifin yana da ingantaccen tsari na hana saɓa doka, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗan tsarin shi ne a ɗora alhakinsa a kan wani babban jami'i. Shekara guda bayan haka, a 1992, masu riƙe da irin wannan muƙami suka kafa ƙungiyarsu ta farko. A 1996 wata kotu a jihar Delaware, a shari'ar kamfanin Caremark, ta nuna cewa daraktoci za su iya ɗaukar alhaki a kansu idan ba su tabbatar akwai hanyar da labarin ɓarna zai iso gare su ba.

Ya kamata a riƙe wannan asali da kyau, domin shi ne ke bayyana rauni da ƙarfin sana'ar har yau. An haife ta da manufa biyu: ta hana ɓarna, ta kuma zama hujjar da za a nuna wa alƙali ranar da ɓarnar ta auku. Ta biyun ta fi sauƙin cimma, domin takarda kawai take bukata. Kamfanin Enron, wanda ya durƙushe a 2001 saboda lissafin ƙarya, yana da littafin ɗa'a mai shafi 64. Durƙushewarsa ce ta jawo dokar Sarbanes-Oxley mai tsaurara sa ido a kan lissafin kamfanoni a 2002, ta kuma sa aka gyara ƙa'idojin 1991 a 2004, aka ƙara cewa dole kamfani ya raya al'adar ɗa'a a cikinsa, kuma mai gudanar da aikin yau da kullum ya samu hanyar isa ga daraktoci kai tsaye.

Mu a Najeriya ta hanya biyu sana'ar ta iso mana, kuma ta farkon ba abin alfahari ba ce, domin ƙasarmu ce filin da aka tafka wasu daga cikin manyan laifukan. A Disamba 2008 kamfanin Siemens ya amince ya biya hukumomin Amurka dala miliyan 800, jimillar tarar da ta Jamus ta kai kusan dala biliyan 1.6, kuma kwangilolin sadarwa na Najeriya suna cikin waɗanda aka lissafa. A Fabrairu 2009 kamfanonin Amurka Halliburton da KBR suka biya dala miliyan 579 a kan cin hancin kusan dala miliyan 180 da gamayyar kamfanoninsu ta shirya domin samun kwangilar gina masana'antar iskar gas ta tsibirin Bonny tsakanin 1995 da 2004. Bayan irin waɗannan hukunce-hukunce ne kamfanonin Turai suka fara zuba ido a kan wakilansu na ƙasashen waje. Ingila ta yi tata dokar hana cin hanci a 2010, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2011, kuma sashe na 7 na dokar ya ce kamfani ya yi laifi idan wani mai yi masa hidima ya ba da cin hanci domin samo masa ciniki, a ko'ina a duniya, sai dai idan ya nuna yana da isasshen tsari na hana hakan. Takardar da ta iso Bompai 'yar wannan sashe ce.

Hanya ta biyu ta bankuna ce. A 2001 ƙungiyar FATF mai yaƙi da halatta kuɗin haram ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ba sa ba da haɗin kai, ba a cire ta ba sai 2006, bayan an kafa EFCC an kuma yi sabuwar dokar hana halatta kuɗin haram. Ranar 14 ga Agusta 2009 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. A 2014 aka ƙaddamar da lambar BVN. A 2016 kuma Babban Banki ya umarci bankuna cewa babban jami'insu na bin ƙa'ida kada ya gaza matsayin janar manaja. Ko 'yan canji ba su tsira ba, domin a Maris 2024 an soke lasisin kamfanonin canji 4,173, labarin da duk mai hulɗa da Wapa ya ji. Saboda haka ɗan kasuwar Kano ya san wannan jami'i, amma ya san shi ne a matsayin mutumin banki mai tambayar inda aka samo kuɗi. Bai taɓa tunanin zai ɗauke shi aiki ya riƙa biyan sa albashi ba.

Wadda muka ɗauka lauya ce da ta yi karatu a Jami'ar Bayero, ta kuma yi shekaru a wannan sashe a wani banki kafin ta bar aikin. Kowa Barista yake ce mata. Aka ba ta ɗan ƙaramin ɗaki kusa da rumbu, aka kuma sa ta a ƙarƙashin babban ɗan Alhaji, wanda shi ne manajan ciniki, ake kiransa Manaja. Ni na ba da wannan shawara, domin a ganina a lokacin aikinta ya fi kusa da sashen da ke hulɗa da Turawan. Mutanen Ingila sun turo samfurin ƙa'idoji mai kauri, sai ta ajiye shi gefe ta rubuta shafi huɗu da Hausa da Turanci, ta tara direbobi da masu dakon kaya da 'yan shago wata Asabar a cikin rumbu ta karanta musu. Sannan ta sayo babban littafi mai baƙin bango ta ja masa layuka: ranar kyauta, wanda aka ba ko wanda ya bayar, abin da aka bayar, kimanin kuɗinsa, sai gurbi na ƙarshe mai tambaya ɗaya, wato ko wanda aka ba yana da wata magana tamu a hannunsa a halin yanzu. Watanni suka shuɗe ana rubuta kalanda da kwalin dabino da turare, babu wanda ya damu da littafin, har babbar Sallah ta matso.

Kamfanin yana da jerin sunayen waɗanda ake aika wa ragon layya da buhun shinkafa kowace shekara, kuma mai riƙe da shi shi ne tsohon ma'ajinmu, wanda yake tare da Alhaji tun zamanin rumfa. Jerin yana cikin wani littafin makaranta da ya ji jiki, sunayen farko da ajami aka rubuta su da hannun Alhaji, na baya kuma da boko. Akwai limamai da malaman tsangaya, da mai unguwa, da matan tsofaffin ma'aikatan da suka rasu, da surukai, da dillalan da suka tallafa wa Alhaji lokacin da bai da komai. Saura mako biyu Sallah ma'aji ya kawo littafin a sa hannu a fitar da kuɗi. Barista ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗancan ba, sai ta yi alama da jan biro a gefen sunaye uku: daraktan wata hukuma, da shugaban kwamitin tantance kwangila na hukumar, da injiniyan da ke duba ingancin kaya. A daidai lokacin takardunmu na neman kwangilar samar da injinan ban ruwa suna gaban wannan hukuma, an buɗe su, ba a fitar da sakamako ba.

Maganar ta fi ƙarfin ofis, don haka aka zauna a falon Alhaji bayan sallar La'asar, mu biyar. Ma'aji ne ya fara, kuma na ga ransa a ɓace yake. Ya ce shekara da shekaru ana kai wa wannan hukuma raguna, da kwangila da babu kwangila, kuma ranar da aka yanke, mutanen za su ɗauka ana nufin su masu cin hanci ne, wanda hakan cin mutunci ne da ya fi rashin kyautar ciwo. Manaja ya ɗora da cewa injiniyan abokinsa ne tun suna makarantar kwana, a kwano ɗaya suka ci abinci, ya halarci sunan 'ya'yansa, kuma ba Baturen da zai zauna a Landan ya koya wa Bakano yadda ake zumunci. Ya ƙara da abin da kowa a falon ya san gaskiya ne, cewa sauran masu neman kwangilar ba za su zauna hannu rabbana ba.

Abin da ya burge ni shi ne Barista ba ta fara da dokar Ingila ba ko kaɗan. Ta ce, "Baba, tsarin mulkinmu na 1999 ne ya yi maganar." Ta bayyana cewa a jadawali na biyar, inda aka jera ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikatan gwamnati, an yarda ma'aikaci ya karɓi kyautar dangi da abokai gwargwadon yadda al'ada ta sani, amma duk kyautar da ta fito daga kamfanin kasuwanci ko daga mai kwangila da gwamnati ana ɗaukar ta a matsayin haramtacciya har sai an tabbatar da akasin haka. Ragunan nan kuwa da kuɗin kamfani za a saye su, a motar kamfani za a kai su, da katin gaisuwa mai tambarin kamfani. Sannan ta tuna wa Alhaji hadisin Ibnul Lutbiyya, mutumin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini, aka tambaye shi me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko kyautar za ta zo masa. Daga nan ta roƙi izini ta buɗe littafin ma'aji, ta nuna shafin da sunan daraktan yake. A samansa akwai wani suna da aka ja wa layi, a saman wannan ma akwai wani. Duk lokacin da aka canza wa darakta wurin aiki, sai a soke sunansa a rubuta na wanda ya gaje shi. Matan ma'aikatan da suka rasu suna nan a jerin shekara da shekaru, babu wanda ya soke su. Wanda ya bar kujera kuwa rago ya bar shi a shekarar.

Falon ya yi tsit. Alhaji ya jawo littafin ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce, "Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni kuwa ba na son in tsaya gaban Allah da askin da na sa aka yi mini dole." Ya ba da umarni a cire sunayen uku, a kai ragunan wata tsangaya da ke bayan rumbunmu, a aika wa jami'an katin barka da Sallah kawai.

Da a nan maganar ta tsaya, da ban ga dalilin rubuta ta ba. Bayan hutun Sallah, ina duba littafin man motoci, sai na ga a-kori-kurar kamfani ta yi wata tafiya ranar jajibere zuwa unguwar da babu kowa namu a cikinta. Kafin in yi tambaya, direban da kansa ya riga ya je wurin Barista, jikinsa yana rawa, ya ce, "Anti, ni dai aike na aka yi, kuma ke kika ce duk wanda ya ga abu ya zo ya faɗa." Manaja ne ya sayi rago da kuɗin aljihunsa, ya sa shi ya kai gidan injiniyan.

A nan ne aikin ya nuna ainihin wahalarsa. Ta fuskar doka maganar tana da baki biyu. Kuɗin na Manaja ne, abotar kuma ta gaskiya ce, don haka ana iya cewa kyautar ta faɗa cikin abin da tsarin mulki ya yarda da shi tsakanin abokai. Amma shi darakta ne a kamfanin, shi ya sa hannu a takardun neman kwangilar, a motar kamfani aka kai ragon, kuma an yi hakan bayan umarnin da aka bayar a gabansa. A 2012 hukumomin Amurka sun ƙi gurfanar da bankin Morgan Stanley a kan laifin wani babban ma'aikacinsa a China, saboda bankin ya nuna cewa ya horar da mutumin sau da dama, shi ne ya zagaye tsarin a ɓoye. Irin wannan kariya tana wuyar samuwa idan wanda ya zagaye tsarin ɗan mai kamfani ne, kuma shi ne shugaban jami'ar da aka sa ta tsare tsarin. Ga kuma sharaɗi a cikin yarjejeniyarmu da mutanen Ingila, cewa a sanar da su duk wani abu da ya yi kama da saɓa ƙa'ida, kuma Barista ce za ta sa hannu a takardar shaida ta ƙarshen shekara cewa babu irin wannan.

Ta rubuta rahoto mai shafi biyu, ta tsallake Manaja ta kai wa Alhaji hannu da hannu, da shawarwari uku: a sanar da mutanen Ingila, a janye daga neman kwangilar, a kuma ba direban tabbacin cewa ba zai rasa aikinsa ba. Alhaji ya ji zafin abin da ɗansa ya yi, amma ya fi jin zafin a ce za a kai maganar gida waje. Ya ce mata, "'Yata, tsakanin ɗa da mahaifi ne wannan, ki bar mini shi." Ta amsa cikin ladabi cewa hukuncin ɗansa nasa ne, ba za ta sa baki ba, amma ita ba za ta iya sa hannu a takardar da ta san ba gaskiya ba ce, in kuma hakan ya zama matsala, gara a sallame ta da mutunci. Kwana uku bai ce komai ba. A cikin kwanakin Manaja ya daina amsa gaisuwarta, ya kuma karɓe makullin mota daga hannun direban.

A rana ta huɗu Alhaji ya yarda da shawara ta farko da ta uku, ya ƙi ta biyu. Ya ce ba zai jefar da kwangilar da albashin mutane ya rataya a kanta saboda rago ɗaya ba, amma ya cire hannun Manaja daga duk abin da ya shafi wannan hukuma, ya kuma sa aka mayar wa direban makullinsa a gaban kowa. Mutanen Ingila suka amsa da wasiƙa ba tare da hayaniya ba: sun sabunta yarjejeniyar ta shekara ɗaya maimakon uku, sun kuma sa sharaɗin cewa daga yanzu jami'ar ta riƙa kai rahotonta ga shugaban kamfani kai tsaye. Kwangilar kuwa wani kamfani aka ba. Hukumar ba ta faɗi dalili ba, amma a rumbu da shaguna an daɗe ana raɗa cewa jan biron Barista ne ya jawo.

A nawa nazarin, kuskure mafi girma nawa ne, kuma iri biyu ne. Na farko shi ne sa ta a ƙarƙashin Manaja, wato a ƙarƙashin sashen da ya fi kowane bukatar sa ido, alhali wannan darasi ne da sana'ar ta riga ta koya ta rubuta tun 2004. Na biyu ya fi tsufa: shekara da shekaru ina ganin layin "kuɗin gaisuwa" a lissafi, ina tabbatar da cewa rasit ya yi daidai da abin da aka fitar, ban taɓa tambayar wa ake gaisarwa ba. Wannan ita ce amsar da ban ba Alhaji ba a ranar farko. Lauya yana zuwa ne idan an kira shi, mai binciken lissafi yana duba abin da ya riga ya wuce, wannan na ukun kuwa aikinsa ya tsaya a bakin ƙofa kafin rago ya hau mota. Barista ma tana da nata kuskuren, kuma ta amsa shi: ta san akwai jerin Sallah, amma ta jira har ya zo teburinta saura mako biyu, sannan ta buɗe littafin dattijo a gaban maigidansa. Da ta zauna da ma'aji su biyu tun watanni kafin nan, da hujjarta ta shiga ba tare da ta ƙona fuskar mutumin da bai taɓa cin ƙwandalar kamfani ba. Game da janyewa daga kwangilar, ina ganin gaskiya tana wurinta, domin da mun ci, da babu mai iya raba nasarar da ragon.

Akwai kuma maganar Manaja cewa wannan koyarwar Turawa ce, wadda nake jin ta a bakin 'yan kasuwa da yawa. Rabinta gaskiya ne, tun da kujerar da takardunta daga waje suka zo. Amma hukuncin da ke ƙarƙashinta mun riga su saninsa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙ, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki a cikin miyagun al'adun da ya yi inkari, kuma da sunanta na Hausa ya ambace ta. Fiƙihunmu ya san muhtasibi, mai zaga kasuwa yana duba mudu da sikeli da algus. Bambancin shi ne muhtasibi hukuma ce take naɗa shi, ba ya cin abinci daga hannun wanda yake dubawa, jami'in bin ƙa'ida kuwa wanda yake sa wa ido shi ne mai biyan sa albashi, shi ne kuma mai ikon korar sa. A kamfanin iyali irin na Kano, inda shugaba da darakta da manaja duk gida ɗaya suke kwana, wannan rauni ya fi tsanani, domin babu wata majalisar daraktoci mai zaman kanta da za a kai wa kuka. Abin da ya tsayar da Barista a kwanaki ukun nan abu biyu ne kawai, shirinta na barin aikin da kuma tsoron Allah na Alhaji, kuma ba kowane kamfani ne yake da su biyun a lokaci guda ba.

Da shekara ta zagayo, ma'aji ne da kansa ya kawo mata littafinsa tun cikin Shawwal, ya ja sabon layi a gefen kowane shafi da fensir, ya ce su bi sunayen tare. Direban yana nan yana aikinsa, ko da yake an mayar da shi kai kaya shaguna, ba ya ƙara tuƙa Manaja. Ofishin Barista har yanzu yana kusa da rumbu, amma duk ƙarshen wata tana shiga wurin Alhaji ita kaɗai da baƙin littafinta. Lokacin da na bar kamfanin, takardar da ke saman teburinta katin ɗaurin aure ne na 'yar wani babban jami'i a wata hukumar da muke hulɗa da ita, an maƙala masa ɗan rubutu daga sashen ciniki ana tambayar nawa za a ba da gudummawa, kuma da sunan wa.